Tukunyar Irin Iya

Shekaranjiya da hantsi mai ƙosan bakin lungunmu ta tashi daga suya, ta kwashe tokar murhunta ta watsa a gefen kwata, sannan ta bi ta da ruwan wanke kasko. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina ɗiga wa keken ɗinki mai, sai warin jiƙaƙƙiyar toka ya iso ni. Na ajiye kwalbar man a ƙasa. Har aka kira azahar ban ɗinka ko aljihu guda ba.

Ni ba mai ilimi ba ne, mai karatu. Allo na yi, na gama firamare, daga nan sai ɗinki. In ka ga zancen nan ya karkace ka yi haƙuri da ni. Abu ne na riƙe a ciki sama da shekara arba'in, kuma duk waɗanda ya shafa ƙasa ta rufe su, saura ni.

A Zaitawa na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda kowa yake kira Iya. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata ta yi wani aure can nesa, aka bar wa Iya ni. Gidan cike yake da mutane, don Baffa, wan mahaifina, Allah ya ba shi 'ya'ya da yawa. Amma mu biyu can ƙurya muke, ɗaki ɗaya da rumfar girki, sai kango a baya. Hayaniyar tsakar gida takan iso mana kamar daga wata unguwa.

Kangon ɗakuna biyu ne na kakanmu da suka rushe tun ba a haife ni ba. Da aka zo rabon gado Iya ta ce ita ba ta son komai, a ba ta kangon a tumuninta. Aka yi ta mamaki. In ka shimfiɗa tabarma goma sha biyu ka rufe shi. Katanga ta tsare shi ta gefe uku, rana ba ta leƙa shi sai hantsi ya ɗaga, kuma kafin la'asar ta fice. To, a cikin ɗan wurin nan muka ci muka sha.

Zogale biyu ne a kusurwa. Kabewa ta bi azara ta hau soro, 'ya'yanta suna kwance a sama kamar an jera tuluna. Yakuwa da rama suna bin gindin katanga, lalo yana fitowa inda ya ga dama. A gindin barkono muke alwala, don kada ruwan ya tafi a banza. Ƙasarin gero na awaki ne, su biyu a turke. Kashinsu da na kaji da na tantabaru a tara shi a rami ya ruɓe, ya koma cikin ƙasa. 'Ya'yan yakuwa su zama daddawar batso. Ɗan akuya in ya tasa, a musanya shi da gero wajen mutanen ƙauye. Ban taɓa ganin Iya ta aika kasuwa neman abin miya ba. Ban kuma taɓa ganin ta miƙa kwano ɗakin wata ba, ko da na surukarta ne.

Takan dube ni ina lasar miya ta ce, “Ka ji daɗinka, maigida. Miji ba cefane, ba noma, sai buɗe baki.”

In ce, “Ai ke kika ce kin ji kin gani.”

“Na gani kam. Tashi ka jawo mini guga biyu kafin in kai ka ƙara.”

Amma uwar kangon duka kuɓewa ce. Ba irin wadda ka sani ba. Gajeruwa ce, ba ta wuce ƙugun mutum, 'ya'yanta ja kamar an shafa musu lalle, kuma ba ta damu da inuwa ba. Iya ta ce a cikin kayan aurenta ta zo da irin daga ƙauyensu, uwarta ce ta ƙulle mata a tsumma. Ita muke ci ɗanya da damina, ita muke yankawa mu shanya a kan soro, ita ke kai mu har wata daminar. Yauƙinta ya sa matan unguwa suke aiko da gishiri ko man gyaɗa ko sabulu a ba su busasshiya ko da cikin tafi ne. Da wannan musayar muke samun duk abin da kango ba ya tsirarwa.

Duk shekara 'ya'yan fari da suka fi kyau Iya takan ɗaura musu tsumma a wuya. Wanda aka ɗaura wa tsumma na iri ne, ko kallon sha'awa ba a yi masa. Sai ya bushe a jikin uwarsa, ta fasa, ta cuɗa ƙwayoyin da toka saboda ƙwari, ta haɗa da na yakuwa da kabewa da sauransu a wata tsohuwar tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Toka a wurin Iya kashi uku ce: ta karan gero da ake tacewa a sa a miya maimakon kanwa, ta murhu da ake zuba wa rami, sai ta iri. Na san wannan sarai. Ina faɗa ne don kada ka ce yaro ne, bai sani ba. Shekarata goma sha biyar a lokacin.

Duk bazara Baffa yakan zo ya tsuguna a bakin rumfa bayan ya gaishe ta. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa. Gida ne ya yi masa kaɗan. Ni ma da na tasa na bar kwana ɗakin Iya, mu samari bakwai ne muke kwana a soro ɗaya, ƙafar wani a kan wani.

“Iya, wahalar nan ta isa haka. Ki bari a ta da ɗakuna biyu a wurin nan. Abincinki kuma a wuyana yake, ai hakkina ne.”

“Na sani, Allah ya yi maka albarka. Amma ina da hannu tukuna. Ranar da ka ga na aika ɗakinka neman abin miya, ko ka ga hankalina ya fara barina, ba sai ka roƙa ba, ni zan ce ka kira magina.”

Ya yi dariya ya tashi. Haka suke yi kowace shekara, har abin ya zama kamar gaisuwa.

A wancan zamani akwai masu jakuna da suke shigowa birni da rani daga ƙauyukan bayan ganuwa, suna bin gidaje suna kwasar toka da shara da kashin dabbobi a mangala, su kai gonakinsu taki. Akwai wani dattijo mai jaki biyu da ya saba da lungunmu. In ya yi sallama ya ce, “Masu gida, akwai toka?” Iya takan amsa daga ciki, “Ka gaida gida, Malam, tamu tana da gonarta.”

A bazarar da nake ba ka labari abubuwa uku suka haɗu. Mai yaɓe yana gyara ɗakin Iya kafin ruwa ya sauka, don haka aka fito da kayanta rumfa. Matar Baffa ta haihu, ana shirin suna, Baffa ya ce in share ƙuryarmu tas don a nan za a kafa tukwane. Ita kuma Iya aka yi mata rasuwar ƙawa a Dukawuya, ta yafa mayafi ta fita tun da safe. Kafin ta fita na gan ta da idona ta ɗauko tukunyar iri, ta fasa lakar bakin ta duba ko ƙwari sun shiga, ta rufe da faifai, ta ajiye a bayan murhu.

Ina cikin shara, rana ta yi zafi, raina a ɓace don abokaina sun tafi ƙwallo, sai ga sallamar mai jaki. Na ce ya shigo da mangala ta ƙofar baya. Ya miƙo mini dafaffen rogo, na hau loda masa duk abin da hannuna ya taɓa: shara, tokar murhu, ɓawon gyaɗa. Na ɗaga faifan tukunyar bayan murhu na ga toka, hankalina yana filin ƙwallo, na juye. Sai da ta gama zuba na ga ƙwayoyi baƙaƙe suna gangarawa cikin shara. Tukunyar ta suɓuce mini ta fashe. Dattijon yana waje yana ɗaure ɗaya jakin. Da a lokacin na ce masa ya tsaya, da rariya ɗaya ta isa a tace. Amma sai na tuna faɗan Baffa, na tuna idon Iya. Na tsince fasassun na cusa a ƙasan mangala, na tura shara a kai.

Kwana tara bayan suna aka yi ruwan shuka. Da asuba ƙamshin ƙasa ya cika gida. Iya ta ɗauko fartanya ta ta da kunyoyi, tana 'yar waƙarta, sannan ta leƙa bayan murhu. Ta shiga ɗaki ta duba ƙarƙashin gado. Ta fito ta sake leƙa bayan murhu. Ina zaune ina shan koko ina kallonta.

“Maigida, ka ga tukunyar iri?”

“Ban gani ba.”

“A nan na ajiye ta ranar da na tafi gaisuwa. Ko ban fito da ita ba?”

Da na ce 'yan suna ne suka ɗauka, da ƙarya ce, amma da ta tsaya a nan. Abin da na ce shi ne, “Ni dai ban ga kin fito da ita ba, Iya.”

Ta tsaya da fartanya a hannu ta daɗe tana kallon wurin. Sannan a hankali ta ce, “Ikon Allah. To ina na kai ta?”

Kwana uku tana nema. Ta zazzage adudu, ta sa aka leƙa rijiya, ta koma har Dukawuya ta tambaya ko ta je da wani abu a hannu ranar nan. Matan gida suka fara magana ƙasa-ƙasa. Ta aika gidajen da ta taɓa bai wa irin, aka ce wasu sun yi gini a wurin, wasu sun cinye ba su ajiye ba. A ƙauyensu kuwa ba sauran wanda ya san ta.

Baffa ya sayo mata iri a kasuwa, a ƙulle a takarda. Ta karɓa ta yi godiya ta shuka. Ya tsiro da kyau, ya yi ta tsawo yana neman rana har ya kusa kan katanga, ganye fal, 'ya'ya kuwa ɗaya nan ɗaya can, kore, ba yauƙi. Irin fili ne, bai san kango ba. Matan unguwa suka aiko sau ɗaya, sau biyu, suka daina. Daminar nan ba mu shanya komai a soro ba.

Ana cikin marka, wata ranar Laraba, gishiri ya ƙare, busasshiyar bara ta ƙare. Iya ta ɗauki ƙaramin kwano ta juya shi a hannu ta daɗe, sannan ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

“Je ka ɗakin matar Baffanka, ka ce in da kuka ta sam mana.”

Washegari ita da kanta ta aika aka kira Baffa. Ta ce, “Duka biyun sun cika. Na aika neman miya, kuma na ajiye abu da hannuna ban san inda na sa ba. In ruwa ya ɗauke ka kira maginanka.” Baffa ya ce ba gaggawa, ta sake gwada wata shekarar. Ta ce ita ba ta magana biyu. Da yamma ya kira ni da babban ɗansa ya ce ɗaki ɗaya namu ne mu biyu. Ba zan ɓoye maka ba, na yi murna. Na je na tsaya a kangon ina auna inda katifata za ta zauna.

Duk wannan, mai karatu, ina iya cewa tsoro ne da ƙuruciya. Abin da ya biyo baya ba ni da abin da zan kira shi.

Ruwa ya ɗauke, an buga bulo an jera a lungu. Wata safiya ina zaune a kan bulon sai ga dattijon nan mai jaki, da ɗan kwando a rufe da ganye. Ya gan ni ya washe baki.

“Samari, kai nake nema. Tokar da ka ba ni bana da bazara, ka san abin da ta yi? Inda na zube ta a gindin tsamiya, wurin da ko ciyawa ba ta kirki, sai ga kuɓewa ja ta fito. Uwargidana ta ce ba ta taɓa ganin yauƙi irin wannan ba. Na ce wannan ba tawa ba ce, ta tsohuwar gidan nan ce, kuskure aka yi. Ga ɗanya ku taɓa, ga kuma busassu a ƙasa, na iri ne. Ka kai mata, ka ce ina gaisuwa.”

Na buɗe ganyen. Ga su nan, ja, gajeru, kamar an ɗebo daga bayan ɗakinmu. Tsakanina da Iya taku talatin ne. Da na shiga na ajiye kwandon a gabanta, da ta gane irinta, ta gane ta fito da tukunya, ta gane hankalinta bai je ko'ina ba. Ni kuma a gane ni maƙaryaci ne, ɗaki kuma ya tafi.

Na ce, “Ba ta jin daɗi, tana kwance. Zan ba ta.”

Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya juye mini a gaban riga, ya kora jakunansa. Na bi ta bayan layi na nufi Ƙofar Ɗan Agundi. Akwai kududdufi a wajen a lokacin. Na tsaya a bakinsa na saki gaban rigata. Busassun ba su nutse da wuri ba, suka yi ta yawo a saman ruwa, ina tsaye har suka shige cikin kainuwa.

Aka sare zogale, aka janye kabewa daga soro, aka cike ramin taki. Awaki ba ganye, aka sayar. Tantabaru suka yi kwana biyu suna kewaya sabon kwano, suka bar gidan. Iya ta koma zama a tabarma a ƙofar ɗakinta, katangar ɗakina a gabanta. Sau uku a rana ake kawo mata kwano, sau uku take cewa an gode. Ba wanda ya wulaƙanta ta. Amma ta daina yarda da kanta. In ta ajiye allura sai ta kira wani ya shaida. Ta riƙa ƙulla bakin mayafi don tuna abu, sai ta zauna tana kallon ƙullin. Takan tambaye ni, “Maigida, yau Talata ko?” In ce Talata ce. Ta ce, “To, na dai tambaya ne.” Kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskuren ranar ba. Ni na fi kowa sanin lafiyar hankalinta lau, ni kuma na fi kowa yin shiru. Na rage zama wurinta, don ba na iya haɗa ido da ita. Ta rasa kango, ta rasa abokin hira.

Shekara uku ta yi a haka. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata la'asar na tarar ba kowa a ɗakin. Na durƙusa a bakin gado, na yi niyyar faɗa mata komai.

“Iya, ki yafe mini. Akwai abin da na…”

Ta ɗaga hannu. “Na yafe maka, maigida, wanda na sani da wanda ban sani ba, duniya da lahira.” Ta numfasa. “Ni ce ma zan roƙe ka. Ubanka bai bar maka komai ba. Irin nan da kangon nan su na so in bar maka, ko ba komai ba za ka roƙi miya ba. Sai na ɓatar da shi da hannuna. Ka yafe mini.”

Bakina ya buɗe. Na ji takun matar Baffa tana tahowa da kunu. Na ce, “Na yafe, Iya.”

Kwana biyu bayan nan aka kai ta.

Da na girma na nemi dattijon. Na fita bayan ganuwa ina tambayar mai jaki biyu da gona mai tsamiya, aka yi ta yi mini dariya. Inda gonakin suke duk gidaje ne da shaguna. Kududdufin ma an cike shi. Yanzu ba mai sallama yana neman toka, toka a kwata take ƙarewa. A duk lungunmu ba gidan da zai nuna maka ƙasa mai faɗin tabarma, ko'ina siminti, ko ganyen yakuwa sai an saya.

Na taɓa kai wa wani malami maganar, ban faɗi ko wace ce ba. Ya ce yafiyar da ta yi ta game komai, in yawaita yi mata addu'a da sadaka. Ina yi. Amma na san ba yafiyata ce ta dame ta ba, kuma ba tata ce take damuna ba. Magana ɗaya take bukata, gajeruwa, na hana ta.

Har yau a ɗakin nake. Ɗan Baffa ya tashi tun tuni, matata ta rasu, yarana sun yi gidajensu a sababbin unguwanni, suna ta cewa in koma wurinsu. Na ce ina nan tukuna. Bisa lissafina gadona yana daidai kan kunyoyin kuɓewa. A ƙofar ɗaki na jera tsofaffin bokitan fenti guda shida, na cika da ƙasa da kashin akuyar maƙwabta, a gindinsu nake alwala. Irin kasuwa ne, kore, dogo, ba ya wani abin kirki a inuwa. Duk da haka 'ya'yan fari nakan yanko ƙyalle daga ragowar ɗinki in ɗaura musu a wuya. In sun bushe in roƙi toka wurin mai ƙosai, in cuɗa, in zuba a tukunya.

Ranar da aka yi ruwan shuka, kowace shekara, nakan fito da tukunyar da sassafe kafin lungu ya tashi. In ajiye ta a ƙasa, in juya wajen da tabarmarta take a da, in faɗa a fili yadda kunne zai ji:

“Kin fito da ita, Iya. A bayan murhu kika ajiye. Na gani da idona.”